Baba Mai Awo da Farashin Fadamarmu

Kullum ƙarfe bakwai za ka gan shi yana ɗaure takalman roba a bayan babur, tef ɗin awo a aljihu. Shekara talatin da ɗaya yana ƙiyasta diyya a ofishin filaye, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Mai Awo. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, ni kuwa tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Bara wani kamfani ya nemi a cike fadamar bayan unguwarmu a gina rumbunan ajiya. Aka tura Baba ya yi mata kuɗi. Fom ɗin ƙiyasin diyya yana da gurbin gini da na itatuwan marmari, fadamar kuwa ba ta da ko ɗaya. Shugabansa ya ce, "Rubuta fili ne marar amfani, a wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, hannuna ba zai iya ba," in ji shi.

Mako uku ya yi yana shiga taɓo. Ya tambayi masu lambu abin da za su kashe in sai sun sayi ruwan tanka. Ya sa injiniya ya lissafa masa kuɗin magudanar da za ta kwashe ruwan da fadamar ke shanyewa da damina. Goggona, wadda a can take yankan kabar tabarma, ta ce masa, "Malam, har kwaɗin ma farashi za ka sa musu?"

Ya ce, "Hajiya, sauron da suke ci, in babu su ke za ki sayi maganinsa."

Jimillar ta ninka tayin kamfanin sau tara. Aka yanke masa kuɗin mai, wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Amma an dakatar da aikin.

Baba, kai ne mai awon da bai taɓa tauye mudu ba. Da bakinka ka faɗa mini lissafin bai cika ba, domin ka rasa yadda za ka sa wa sanyin la'asar kuɗi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Sai dai dakatarwa aka yi, ba sokewa ba. Fayil ɗin yana nan, motar kamfanin ta sake zagayowa shekaranjiya, kuma ba mu san wanda zai gaji kujerarka ba. Ko wane ne, ina roƙonsa ya taka ya ga wurin da idonsa kafin ya sa hannu. Gidaje ɗari biyu ne a gangaren nan, kuma hadari ya fara haɗuwa.