Na Sauka Ba Fitila

Jiya a Kaugama na ga an haƙo baƙar ƙasa mai wari daga rijiya. Raina ya ɓaci, na tuno Kawu da ya koya mini haƙar rijiya. In muka wuce yashi da yumɓu muka iske irinta, yakan shinshina ya ce, "Ruɓaɓɓun ciyayin da ne, yumɓu ya danne iskarsu. Zura fitila, in ta mutu to iskar guba ce, kada ka sauka."

Wata rana na ce, "Kawu, tsoron tsufa ne kawai." Na sauka ba fitila, numfashina ya ɗauke. Ya biyo ni, ya ɗaura mini igiya. Aka jawo ni, shi sai gawarsa.

Tir da bakin nan nawa! Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, ni kuma Ya yafe mini.