Fuskar Yayana a Sararin Samaniya

Sun zana yayana a littafinsu, sun sa ya kashe mutum. Fuskarsa ce, sanƙonsa ne, hannunsa na hagu ne mai tabon ƙuna har gwiwa. Suna kawai suka sauya. A fitowa ta tara ta labarin zanensu na ma'aikatan sararin samaniya, tsohon da ke kula da injin ruwa ya manta bai rufe bututu ba, tururi ya dafa abokin aikinsa. Duk wanda ya san Yaya, yana buɗe shafin zai gane wa ake nufi.

Shekara talatin da ɗaya Yaya ya yi a ɗakin tukunya na masana'antar sabulu. Tukunyar wani ƙaton tanki ne na ƙarfe da ke tafasa ruwa, ya tura tururi ta bututai zuwa kowane sashe. Abokan aikinsa Baba Tururi suke ce masa. Yana ɗan shekara sha tara ya shiga, bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya bar makaranta, ni na gama sakandare, kuma har yau bai taɓa goranta min ba.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk bawul ɗin da ya rufe, wato makullin bututu, sai ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya ƙwanƙwasa shi da sifana sau biyu, ya ce da ƙarfi, "Na rufe!" Ko babu kowa a ɗakin. Ni nake yanka masa ƙyallayen daga ragowar ɗinkina. A gida ma haka yake yi wa tukunyar gas.

Matarsa takan ce, "Wata rana ni ma za a ɗaura min jan ƙyallen nan a baki."

Shi kuma ya ce, "Ke ai bawul ɗinki tun daga kamfani ya zo a lalace."

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, amininsa mai walda ya shiga gyaran wani bututu. Yaya ya rufe, ya ɗaura ƙyalle, ya je ɗauko kayan aiki a sito. Shugaban sashe ya shigo yana sauri don aiki ya tsaya, ya kwance ƙyallen ya buɗe. Yaya ne ya kutsa cikin tururin ya jawo amininsa, a nan ya samu tabon. Kwana uku mutumin ya yi ya cika. Kamfani ya ce sakacin Yaya ne. Wata bakwai yana zaune a gida kafin wani lebura ya yi ƙarfin hali ya faɗi abin da ya gani, bincike ya wanke shi. Amma takarda daban, zuciya daban. Matar marigayin shekara shida ta yi ba ta amsa gaisuwarsa. A hankali ta sauko, har ya zama shi ke gyara mata famfo, 'ya'yanta suna ce masa Baba.

Bayan ya yi ritaya ne mai zanen ya zo, da jakarsa da ladabinsa. Ya ce yana yin labarin zane a kan wata tasha da ke shawagi a sama nan da shekara talatin. Babu dodanni, babu bindiga. Ma'aikata ne kawai, masu gyara da masu shara, suna ƙorafin abinci da takalman aiki. Ya ce yana so komai ya fito kamar gaske, an kuma ce masa babu wanda ya san bututu kamar Baba Tururi.

Wata huɗu yana zuwa duk Asabar da la'asar. Yaya ya zauna a kujerarsa ta roba, shi a bakin gado, matar Yaya tana kawo shayi.

"Wannan bututun naka ya yi siriri, zai fashe," in ji Yaya.

"Baba, ai a sama ne."

"A sama ruwa ke daina zafi? Kaurara shi. To in babu sama babu ƙasa, tururin ina zai tashi?"

Da fitowar farko ta zo, na ga yayana yana dariya irin wadda rabona da ita tun muna yara. Ga shi nan a zanen cikin kayan aiki yana shawagi, guminsa na yawo ƙwaya-ƙwaya a iska, jan ƙyallen ya miƙe a jikin bawul babu abin da ke jansa ƙasa. Masu shago suka koma ce masa ɗan sama jannati. Kowace fitowa sai ya sa ta a leda ya ajiye cikin akwatin da takardun aikinsa suke. Ni ma na karanta, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Ban taɓa ganin littafin da ya damu da mai gyaran famfo ba sai wannan.

Sau ɗaya Yaya ya ba shi labarin hatsarin. Ina wurin, ina kalmasa masa ƙafar wando. Ya faɗa tiryan-tiryan, har da wanda ya kwance ƙyallen. Ko kwana ukun nan bai tsallake ba. Mai zanen yana ta rubutu.

Sai ga fitowa ta tara. Tsoho ya gaji, hankalinsa na gida, ya wuce bawul bai rufe ba. A hoton ƙarshe an nuna bakin jan ƙyallen yana leƙowa daga aljihunsa.

'Yar marigayin ce ta gani a wayarta, ta nuna wa uwarta. Washegari matar ta zo har ƙofar Yaya, riƙe da akwatin kayan aikin da yake bari a gidanta. Ta dire shi a ƙasa.

Ta ce, "Ashe da bakinka ka faɗa musu gaskiyar da ka hana ni."

Ya ce, "Wallahi na rufe."

Ba ta juyo ba. Kuma ban ga laifinta ba. Kowa ya san daga bakin Yaya aka kwashi komai. Fitowa takwas babu ƙarya ko a ƙusa ɗaya, me zai sa ta ce ta tara ce ƙarya?

Na je ofishinsu. Hawa na biyu ne, ɗaki ɗaya, tebur uku, bango cike da zane, fuskar yayana tana kallona ta ko'ina. Mai zanen ya miƙe, editansa bai ko motsa ba.

"Mama, sannu da zuwa."

"Ban haife ka ba. Wa ya sa ƙyallen a aljihu?"

Editan ya ce, "Ai ƙirƙira ce. In shugaba ne mai laifi, labarin ya zama na yau da kullum. In tsohon da kowa ke so ne, ya fi taɓa zuciya."

"Ya taɓa kuwa. Zo ka ga wadda ya taɓa."

"Ba mu fa ambaci sunansa ba."

"Tabon hannun fa? Na kakanka ne?"

Mai zanen ya sunkuyar da kai, ya ce a fitowa ta goma sha biyu tsohon zai yi wata bajinta, masu karatu su yafe masa. Na ce a yafe masa me? Wata huɗu kuna shan shayinsa don kada ku yi kuskure a kaurin bututu, amma a kan wanda ya kashe mutum kun ga dama kun sauya.

Yau sati uku Yaya bai fita ko bakin titi ba. Yana zaune a kujerar nan, matarsa na tsokanarsa ba ya ramawa.

Don haka ku biyun nan, mai zane da edita, ku saurara. Ba na son bajinta a fitowa ta goma sha biyu. A shafin farko na fitowa ta goma, da manyan baƙaƙe, ku rubuta cewa mutumin da kuka ɗauki fuskarsa ya rufe bututunsa, bincike ya tabbatar, ku ne kuka juya labarin. Kafin nan kuma, kai mai zane, ka ɗauko littafin da ka yi rubutu a ciki ranar, ka biyo ni gidan matar nan, ka karanta mata abin da Yaya ya faɗa maka kalma bayan kalma. Ranar Asabar da la'asar, mu haɗu a gidan Yaya. Ka san hanya.