'Yan Kunnen Marfin Tumatir

Ranar Talatar da azumi ya kwana ashirin da uku, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, ɗan kunnena na hagu ya faɗa rijiyar gidanmu a Rano. La'asar ce, ina jan ruwan da za a dama kunu, igiyar guga ta kama gefen ɗankwalina, na kai hannu in gyara, sai na ji ɗan sauti can ƙasa, ruwan ya motsa ya koma ya kwanta. Na daɗe ina leƙe, fuskata kawai nake gani. Da na faɗa wa Umma ba ta yi faɗa ba. Ta cire na daman ta ƙulle a bakin zani, ta karyo tsinken tsintsiya biyu, ta shafa musu man gyaɗa ta zura mini don kada hujin ya toshe, ta ce sabo sai an sayar da gyaɗa. Gyaɗar kuwa tana nan tsibi a tsakar gida ba mu gama tsinkewa ba, ga sallah saura mako guda.

Abin da ya dame ni shi ne zuwa garin Kibiya. Kowace sallah can muke zuwa gaida Iya, mahaifiyar Baba, jikokinta mata mu jeru a tabarma ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba kitso da lalle, abin da ta faɗa a kan mutum kuma shi za a riƙa kiransa da shi har wata sallar. Tun a makaranta ma an fara. Muna carafke a gindin darbejiya wata ta ce in sunkuyo in share musu wurin da kunnena.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ta gan ni ina tsinkar gyaɗa ina share hawaye. Alale take sayarwa, don haka duk gwangwanin da ya shigo gidan nata ne, na madara da na tumatir, tana wanke su ta kife a kan katanga. Ta shiga ɗaki ta fito da marfin gwangwanin tumatir guda biyu, ta juya mini cikinsu a rana. Ban taɓa lura ba, ashe cikin ruwan gwal ne, har yana ɗaukar ido. "Ga zinariya ana zubarwa a juji, ke kina kuka," in ji ta.

Kwana huɗu muka yi muna aikin, tsakanin tashi daga makaranta da ɗora sanwar buɗa-baki. Gwaggo ta zana siffar ganyen zogale babba a kan kowane marfi da bakin ƙusa, ta yanka da tsohon almakashinta wanda ba ya cin yadi. Goge bakin shi ne aikina. A simintin bakin rijiya nake gogawa, a hankali, ina gwadawa a bayan hannuna har ya daina karta, don ta ce gwangwani ba ya gargaɗi kafin ya yanka. Daga nan muka ɗora su a kan guntun katako, na riƙe ƙusa tana bugawa da dutse, ɗigo bayan ɗigo, ba a hudawa, sai dai ƙarfen ya taso ta gaba kamar tsabar gero. Sahu biyu muka kewaya, muka sa ɗigo uku a tsakiya. Maƙalin kuwa da siririyar jar waya muka lanƙwasa shi, daga cikin matacciyar rediyon Baba da ta shekara a kan rumbu. Da aka gama na ɗaga su, kajin gidan ma sai da suka karkato kai.

Ranar jajibere na yi ɓarnar. A gidanmu duk abin ƙarfen da ake so ya yi ƙyalli, toka da soso ake sa masa, haka aka koya mini tun ina wanke kwanon Baba. Ina cikin wanke-wanken sallah sai na ga ai 'yan kunnena ma sun cancanta. Na ɗauki ɗaya na dirje shi da ƙarfina, na ɗauraye. Gwal ɗin ya bi ruwa. Ashe shafe ne kawai a sama, abin da ya rage fari fat. Na zauna a bayan murhu da gwal a hannun dama, fari a hagu.

Gwaggo ta yi dariya har ta dafa turmi. "An ce miki tukunya ce?" Babu sauran marfi a gidan, tumatirin miyar sallah ɗanye Baba ya sayo, kuma ko da akwai, aikin kwana huɗu ba zai yiwu da yamma ɗaya ba. Ta miƙo mini soson ta ce in dirje ɗayan. Na ƙi. Ta ce to in zaɓa, ko farare biyu ko tsinke biyu. Ina kuka na kankare gwal ɗin da hannuna, ita kuma ta bi su da ƙasa mai laushi, ta shafa man gyaɗa don kada su yi tsatsa, ta goge da tsumma har ina ganin idona a ciki.

Washegarin sallah muka hau bayan babur zuwa Kibiya, dawa ta yi kai dama da hagu, 'yan kunnen suna kaɗawa suna taɓa wuyana da sanyi. Iya ta bi layi har ta iso kaina. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana duban 'yan kunnen. Akwai wata Bafillatana da ke kawo mata nono a zaune a bakin ƙofa, ita ma ta taso ta taɓa, ta tambayi wane maƙeri ne a Rano yake irin wannan. Iya ta ce, "Jikata ce maƙeriyar, ki kawo saniya a yi miki." Ta san gwangwani ne sarai, ta ga sauran jan fenti a bayansa, amma ta gyara ɗankwalina ya rufe wurin. Shekarar nan duka Mai Azurfa ake kirana. Kafin mu koma gida, 'yan uwana uku sun sa na yi alkawarin koya musu.

Yanzu in na bi ta kasuwar Rano, 'yan kunne ne jere a kati, kala-kala, yarinya ta saya yau ta yar gobe. Tumatir ma a leda yake zuwa, alale a leda ake ƙulla shi, katangar Gwaggo babu abin da aka kife a kanta. Ina da na gwal na gaske a akwati, na kan manta da su wata da watanni. Waɗancan na gwangwanin mako uku suka yi tsatsa ta cinye su, amma har yau na san adadin ɗigon da ke jikinsu.