Tsohon Da Ya Ba Mu Ɗakin Karatu

A ƙarshen shekarun saba'in ni matar aure ce mai ƙuruciya da rawar kai, haifaffiyar Madina, jikar waɗanda suka tako daga Kano da ƙafa. Ina tara yaran unguwarmu ta wajen masallacin Ƙiblatain ina koya musu karatu da hantsi, har da 'yata ta fari. Da ɗakina ya yi mana kaɗan, wani tsoho maƙwabcinmu ya ce mu koma ɗakin ƙasa na gidansa, kyauta. Sana'arsa fasa dutse da nakiya in ana haƙa rijiya a gonakin dabino na Badr. Ba mata, ba ɗa, ba mai zuwa wurinsa. Mu kuwa a nan, wanda ya zo ya zauna a maƙwabtan Manzon Allah ba a tambayarsa abin da ya baro a gida, abin kunya ne. Ban tambaya ba, mijina bai tambaya ba, sai godiya muka yi ta zubawa.

Abu ɗaya ke damuna. In yara suka ɗauki karatu sai ya zo bakin ƙofa ya tsaya, bai shigo ba, bai tafi ba, leɓɓansa na motsi amma ba karatunmu yake bi ba. Na gaya wa mijina hankalina bai kwanta da tsohon nan ba, ya ce in ji tsoron Allah, mutum ya yi mana alheri ina neman jingina masa sharri.

Lokacin aikin hajji wata dattijuwa daga can ƙasar kakanninmu ta sauka a wurinmu. Wata rana na bar yara suna rubutu na dawo gida ɗibar musu ruwa, na tarar da ita zaune daɓas a ƙasan taga. Ta ce ta hango tsohon nan ta taga, ko a kabari ta san tafiyar nan. Ɗan garinsu ne, hukuma ta karɓe gonarsa ta gina makaranta, bai nuna komai ba, har shi ya haƙa wa makarantar rijiya. Wata safiya ya tashi aji guda da nakiya, yara na ciki, har da ɗanta. Aka neme shi aka rasa.

Ko takalmi ban saka ba. Na ruga na same shi a cikin ɗakin karatun, abin da bai taɓa yi ba, zaune a tsakiyar yara, 'yata a gefensa. Na ce kowa ya tafi gida, da wata murya da ban san ina da ita ba. Ya bari suka fita, sannan ya ce da ni a hankali, shi ma ya gane baƙuwarmu, ɗanta mai wushirya ne.

Kafin askarawa su iso ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. Suka fasa wani ƙaramin ɗaki da ke kulle, suka tarar da nakiya jibge a bayan bangon da yara ke jingina. Wasu suka ce ai kayan sana'arsa ne. Har yau ban san gaskiya ba, kuma rashin sanin ne yake cina.

'Yan'uwana iyaye, rufa wa baƙo asiri ibada ce, ban musa ba. Amma kafin ku miƙa wa mutum 'ya'yanku, ku tambaya, ko da za a ce ba ku da kunya. Ni na ji kunya, na kai 'ya'yan mutane da tawa na zaunar a gabansa.