Yaya Peng, Matar da Ta Ƙi Raba Karta a Bikin Sabuwar Shekara

Kullum da safe, kafin masu kifi na unguwar Fai Chi Kei su gama shimfiɗa ƙanƙara, Kuok Sio Peng ta riga ta sha faten shinkafarta a tsaye ta bi layin motar ma'aikata. Motar takan haye gada da su zuwa gidan cacar da suke aiki a Cotai, ta sauke su ta ƙofar baya. Sauran ma'aikata su hau sama, inda ake da kafet da sanyi da fitilu. Ita kuwa ta gangara ƙasa, wani ɗaki marar taga inda ake tara katunan da aka gama wasa da su. Ta kwance kowane ƙunshi, ta duba ko wani ya lanƙwasa kusurwa ko ya sa farce ya yi alama, sannan ta zuba wa injin da ke markaɗe su. Aikinta ke nan a 'yan shekarun nan, kuma ƙarshen watan jiya ta ajiye shi.

Babu wanda ya rubuta komai a kanta, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Sut Leng, ɗaya daga cikin ɗaruruwan masu raba karta da suka fita daga hannunta. A garin nan idan baƙo ya ci kuɗi har hoto ake yi masa da fure a hannu. Matar da ta koya wa rabin Macau yadda ake riƙe kati kuwa, agogon bango aka ba ta a kwali, ko sunanta ba a rubuta daidai ba.

Da ba ƙasa take ba. Yaya Peng, kamar yadda muke kiranta, ita ce malamar sababbin ɗauka a teburin wasan kartar da ake kira foka. Ita ke koya maka yadda za ka cuɗa kati ba tare da ka nuna gindinsa ba, da yadda za ka biya mutum bakwai ba ka yi kuskure ba, da yadda za ka buɗe tafin hannunka ga kyamarar da ke sama kafin ka bar tebur. Wannan ɗabi'a ta kama jikinta, har a gidan biki idan za ta tashi daga cin abinci sai ta juya hannuwa sama, mu yi ta mata dariya. Ba ta da sauƙi ko kaɗan. Idan kika yi kuskure takan ce, "Wannan hannun naki na wanke-wanke ne, wa ya ce ki kawo mini shi nan?" Mun ji haushinta, ni da kaina na yi kuka a banɗaki saboda ita.

Gidan ya ɗauke ta ne ta koya mana nawa ake biya idan mutum ya ci. Ita kuma ta ƙara wani darasi da babu wanda ya sa ta: sau nawa ake cin. Ranar ƙarshe ta horo takan rufe ƙofa, ta zuba wa kowa 'ya'yan kankana a gabansa a madadin kuɗi, ta ce ita ce gida, mu ne baƙi. Mu yi ta wasa muna shewa, wannan ya ci, wancan ya ci. Kafin shayi ya huce sai ka ga tulin gabanta yana tashi namu yana rama, alhali ba ta yi maguɗi ko sau ɗaya ba.

"Kati hamsin da biyu ne," in ji ta, "ba su da uwa ba su da uba, ba su san ranar haihuwarku ba. Rabin hannayen da za ku raba babu komai a ciki, ko biyu masu kama. A duk ɗari da aka ajiye a teburin nan, kusan biyar na gida ne tun kafin in taɓa kati. Ku kuna ganin fitilun nan na waje da kuɗin wa ake kunna su? Na kakanku?"

Abin da ta fi tsana shi ne jar fitila. A teburinmu kowane ɗan wasa yana da wani rami da zai jefa ƙarin kwabo, irin na wasa da ake saya da kuɗi, fitila ta kama a gabansa, lambar da ke kan allo ta ƙaru. Wanda ya samu manyan katuna biyar masu alama iri ɗaya a jere, shi zai kwashe duk abin da ke allon. Yaya Peng takan rubuta mana yadda abin yake: sau ɗaya cikin kusan dubu ɗari shida da hamsin. Takan ce idan kana raba wa kanka hannu ɗaya kullum da safe, sai ka shekara dubu da ɗari bakwai kana jira, kuma ko a nan babu alkawari.

Na daɗe ban gane dalilin da ya sa ta damu ba, tunda mu ma'aikata ne ba 'yan wasa ba. Ita ta sani. Mai raba karta yana ganin mutum dubu sun tashi hannu wofi, ya manta da fuskokinsu kafin ya kai gida. Amma mutum ɗaya da ya ci a gabansa, da hannunsa ya miƙa masa katin, wannan ba ya fita daga kansa. Shi ya sa idan baƙo ya yi asara ya zage ka, Yaya Peng ba ta zuwa lallashi, cewa take ka sha ruwa ka koma. Ranar da aka yi babban ci a teburinka kuwa, kafin ka cire rigar aiki tana tsaye a bayanka.

Ke ce kika san ciwon tun kafin ya fito fili, Yaya Peng. Ke ce kike bin mutum har tashar mota kina maimaita masa lamba kamar mai ba yaro magani. Waɗanda suka ji maganarki suna nan da gidajensu da aurensu, kuma yawancinsu ba su ma san ke ce dalili ba.

Ƙanena Kin Hou yana cikin waɗanda ba su ji ba. Magidanci ne, da mata da 'ya, shekararsa goma yana raba karta lafiya lau. Wata rana da la'asar hannunsa ya ba wani mai sayar da tayil daga ƙetaren iyaka katuna biyar ɗin nan. Aka buga ƙararrawa, mutumin ya faɗi a kafet yana kuka. Yaya Peng ta same shi a ɗakin canja kaya.

"Kin Hou, zo mu sha shayi."

"Yaya Peng, kin ga hannun nan? Yau ya mai da mai tayil attajiri."

"Hannunka bai yi komai ba, ɗan nan. Inji ne ya cuɗa, kai ka miƙa."

"Haba Yaya, ke kullum lamba, lamba. Ni da idona na gani."

"Ka gani sau ɗaya. Sauran shekara goman ina idon naka yake?"

Ya yi dariya ya tafi. Bayan 'yan watanni ya bar gidanmu ya koma aiki a wani gidan caca, muka ɗauka albashi ya bi. Ashe shiri yake yi. Doka ta hana mu ma'aikata shiga ɗakin wasa idan ba muna bakin aiki ba, sai a kwana ukun farko na sabuwar shekara, kuma ko a lokacin ba ka wasa a gidan da kake aiki. Kin Hou ya bar gidanmu ne don ya samu damar dawowa ya zauna a teburin da ya raba wa mai tayil. A ganinsa teburin ya san shi.

Rana ta uku ta bikin, da safe, matarsa ta kira ni tana kuka. Ya jinginar da gidan da mahaifiyarmu ke zaune, ya ɗauki kuɗin ya fita da sabuwar jar riga. Gidan nan shi kaɗai mahaifinmu ya bari, tsohuwa kuma ba ta iya hawa bene, babu inda za mu kai ta. Na gaya wa Yaya Peng muna sa rigar aiki, domin a kwanakin biki har malamai ake fito da su tebur saboda cunkoso. Sai na ga ta je wurin mai raba tebura ta roƙi a ba ta wancan teburin.

Ni ina tebur na kusa, ina raba wa mutane kati, ina murmushin dole, lokacin da ya shigo. Ya ja kujera, ya tara kwabbansa a gabansa, ya jefa ɗaya a rami fitila ta kama.

"Barka da sabuwar shekara, Yaya Peng. Arziki ya ƙaru!"

"Barka, Kin Hou. Yaya tsohuwa? Ta san inda za ta kwana wata mai zuwa?"

Fuskarsa ta canja. "Raba kati, Yaya. Yau baƙo nake."

Kowa a garin nan ya san a kwanakin nan ba a ambatar asara, ko shara ba a yi kada a share arziki. Kowane mai raba karta kuma ya san ba a ba baƙo shawara, ko da ƙiftawar ido. Yaya Peng ta ajiye katunan, ta ɗaga murya yadda teburi uku za su ji.

"Za ka yi asara. Fitilar nan da ka kunna, sau ɗaya ce cikin dubu ɗari shida da hamsin. Ni na koya maka. Idan ka zauna har yamma gidan uwarka ya tafi, kuma ba da hannuna za a yi ba."

Ta buɗe tafin hannunta ga kyamara ta ja da baya.

Wurin ya kaure. Wata mata mai zoben zinariya ta tofar da yawu gefe ta ce, "Tir da bakinki, tsohuwar banza! Yau kika ga damar kira mana tsiya?" Wani ya kwashe kwabbansa yana zagi. Kin Hou ya miƙe yana dukan tebur, yana cewa ta tozarta shi a gaban jama'a. Masu gadi suka mayar masa da kuɗin kwabbansa, suka riƙe shi suka fitar da shi, a bakin ƙofa kuwa matarsa da kawunmu suna jira. Suka sa shi a tasi da kuɗin a aljihu. Kafin ya kuɓuce musu kwana ukun sun ƙare, ƙofa ta sake rufuwa har shekara, zazzaɓin cacar kuma ya sauka a hankali. Gidan yana nan, tsohuwa tana shanya kayanta a tagarsa har yau.

Washegari aka kira Yaya Peng ofis. Ba su kore ta ba, don korar wadda ta daɗe haka tana da tsada. Suka ce ta karya dokar tebur, ta ɓata wa baƙi biki, kuma gaskiya ne ta karya. Suka karɓe ajinta, suka tura ta ɗakin ƙasa. Darasin 'ya'yan kankana ya mutu a ranar. Yaran da ake ɗauka yanzu sun iya biya kamar inji, amma ka tambayi ɗaya sau nawa fitila ke ci, sai ya ce ya danganta da sa'a.

Abin da ya fi ci mini rai ba na gidan cacar ba ne, gida aikinsa yake yi. Na ƙanena ne. An gaya masa cewa wanda ya zauna a kujerarsa bayan an fitar da shi ya ci ɗan abin da ya ci, shi ke nan ya riƙe wannan. Har gobe cewa yake Yaya Peng ta tare masa arziki, da ta raba masa da yanzu ya huta. Yana kwana a gidan da ta tsirar, yana cin abincin tsohuwar da ta tsirar, idan ya hango ta a kasuwa sai ya canja hanya. Na gaya mata wannan da zafi, ta ce, "Ƙyale shi. Gara ya ji haushina yana da gida."

Mun yi mata 'yar liyafa a wani ɗan gidan abinci a Taipa. Na gayyaci mutum fiye da hamsin, waɗanda suka zo ba su cika tebur biyu ba. Wasu suna aiki, wasu sun zama manya ba sa so a gan su da wadda aka hukunta. Na aika wa Kin Hou saƙo bai amsa ba. Da aka kawo kifi, mai hidima ya zo zai janye kujerar da ke gefenta, ta ɗora hannu a kai.

Na ce, "Yaya Peng, ke ce mai lissafi. Ki gaya mini, sau nawa cikin ɗari zai zo?"

"Ke dai ci kifinki, Sut Leng, bakinki ya yi tsawo."

"Ba zai zo ba, kin sani."

"Na sani. A bar masa kujerar."

Matar da ba ta taɓa jefa kwabo ɗaya a rami ba duk rayuwarta, ta zauna tana duban ƙofa duk sanda aka turo ta. Aka kwashe kwanuka, aka kawo lemo, mutane suka fara duba agogo. Kujerar tana nan babu kowa. Da muka fito ta sa aka ƙunshe ragowar kifin, ta miƙo mini ta ce in kai masa, tun yana sabon ɗauka yana son kan kifi.

Mun gode, Yaya Peng. Na gode a madadin tsohuwar da ba ta san sunanki ba, da jikarta da ke zuwa makaranta daga gidan nan, da duk wanda kika bi har tasha yana jin haushinki. Ku da kuke tsaye a tebura yanzu, ba na ce ku ajiye kati ku rasa abincinku ba. Amma idan aka buga ƙararrawa a teburin abokin aikinku, ku same shi a ɗakin canja kaya ku gaya masa lambar, ko zai daina gaishe ku. Kai kuma Kin Hou, na san za ka karanta. Kifin ka cinye, ban gaya maka daga hannun wa ya fito ba. Yanzu ka sani, kuma ka san ƙofar gidanta.