Alwalar da Na Tilasta wa Ƙanena a Alaska

A shekarun nan da suka wuce ina da tebur a titin 125, a unguwar Harlem ta birnin New York, ina sayar da hular sanyi da safar hannu da ta ƙafa da mayafin wuya. Na daɗe ina tsayuwa a bakin titi cikin dusar ƙanƙara, har na ɗauka babu abin da wani zai gaya mini game da sanyi. Ni mutum ne mai taurin kai, ban ɓoye ba. Ina zaune a unguwar Highbridge da ƙanena, wanda Inna ta damƙa mini amanarsa ranar da ya baro gida. Aikinsa kai wa mutane abinci a kan keke, ranar Lahadi kuma ƙwallo. Abincinsa da nishaɗinsa duk a ƙafarsa suke.

Shi ya dame ni da hotunan wani koren haske da ke fitowa a sararin samaniyar Alaska lokacin hunturu, kullum waya a fuskata. Na yi ta tsokanarsa cewa ya gudo wa rana ya zo neman firij, amma daga baya na ce mu je, mu ma mu ga ikon Allah. Masu shirya tafiyar sun ce za su ba mu hayar takalma da safa irin na can. Na ce mai sayar da kayan sanyi ne zai yi haya? Na kwaso mana safar auduga daga teburina.

Can kuwa rana ba ta daɗewa, da ta leƙo sai ta koma, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa. Ranar da muka fita a keken ƙanƙara da karnuka ke ja, matar da ke jagorantarmu ta ja mana kunne cewa kada mu bari ƙafa ko hannu ya jiƙe ko kaɗan. Da muka tsaya hutawa a daji, na ga la'asar za ta wuce. Ni ina da alwalata tun daga masauki, tasa ce ta karye. Ya ce mini a hankali, Yaya, ko in yi taimama? Nan na hau shi da faɗa, na ce tun yanzu Amurka ta fara cinye masa sallah, ga ruwan ɗumi a filas yana maganar taimama, ragwanci ne kawai. Bai taɓa musu da ni ba. Ya koma bayan bishiya ya cire takalmi ya wanke ƙafafunsa, ya mayar da safar nan ta auduga a jiƙe. Wallahi ni ko ɗan yatsana bai taɓa ruwa ba.

A hanyar komawa ya ce ƙafarsa na zogi, na ce ya daure, shi namiji ne. Can ya ce ta daina, na ce to ka gani. Ashe dainawar ita ce masifar. Da muka isa masauki ya cire takalmi, yatsun sun yi fari sun sandare kamar ɗanyen rogo. Maimakon in kira matar, sai kunya ta kama ni, na yi irin ta gida: na murje su da man zafi, na kara su kusa da murhu. Fatar tana ƙonewa shi bai ji ba. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce da an kawo shi yadda yake da akwai dama, murzar da wutar ne suka ƙarasa aikin. Bayan mun dawo New York aka yanke masa babban yatsa da na kusa da shi a ƙafar dama.

Limaminmu da na ba shi labari ya ce addini ya ba da sauƙin taimama saboda irin wannan ranar, ni ne na hana. Ƙanena ya bar keke, ya bar ƙwallo, yanzu yana zaune a kan kujera a shagon wani. Ya gaya wa Inna hatsarin keke ne, har yau tana sa mini albarka cewa na kula da shi. Wannan albarkar tana ci mini rai.

Na gane cewa sanyin da na sani ba shi ne sanyi ba, kuma faɗan da na yi ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne. Duk mai niyyar zuwa waɗannan wurare, ya ji maganar mutanen wurin, ya tambayi malami kafin ya tashi, kuma in na ƙasa da shi ya kawo shawara ya saurara. Shi ya yafe mini tun a gadon asibiti. Amma duk Juma'a kusa da ni yake tsayawa, in liman ya ce a daidaita sahu, sai in duba ƙasa in ga ƙafarsa a jikin tawa.