Musayar istaj

Ranar da aka manna sunayen istaj, wato shekarar aiki a asibiti kafin a gama karatun likita, ni aka bar ni a Bangi, babban birninmu. Abokina kuma aka jefa shi wani gari can gabas, kwana huɗu a mota. Burs ɗinmu, wato kuɗin tallafin karatu, ɗaya ne, ba ƙarin ko dala.

Ni da wayona na ce mu yi musaya. A Bangi moto kaɗai, wato babur ɗin haya, daga unguwarmu Kilomita Biyar zuwa asibiti yana cinye rabin kuɗin. A can kuwa an ce rogo banza, nama banza, ɗaki a bayan asibiti. Ko minti biyu bai yi tunani ba. Muka sa hannu, na zuba hotuna a waya, na rubuta: yaro ya tsere wa tsada. Alamar wuta kawai ake turo min, ana ta jinjina.

Da la'asar na biya shagon Kawu, ƙanin Mama, a titin Koudoukou. Yaransa suna loda sabulu da shinkafa a babbar mota. Na faɗa masa garin. Ya ce wannan motar ma can za ta, kuma kowane shingen hanya sai ya hau kan farashin kaya.

"Rogon za ka wanke hannu da shi?" in ji shi. "Kuma kuɗin naku a ina ake biya?"

Ban sani ba, wallahi. Ashe a Bangi ake biya, hannu da hannu, sai mai suna ya zo da kansa.

Na dai tafi. Rogon banza ne, ba su yi ƙarya ba. Amma sabulu ninki uku, cajin waya da kuɗi, safar hannu in ta ƙare a asibiti kai za ka saya. Kuɗin motar zuwa karɓar burs ya kusa kai burs ɗin kansa. Wata uku ina cin abin da Mama ta ƙulla min a leda, har ya ƙare.

A wata na huɗu na hau motar Kawu na dawo. A makaranta suka ce wanda ya bar wurin istaj sai ya sake shekara. Na tambaya ko a Bangi zan sake. Matar ofishin ba ta ko ɗago kai ba, ta ce takardar da na sa wa hannu tana nan daram, can ɗin dai zan koma. Har yau ban je rajista ba.